Fitilar Saude

Rumfata ce ta uku daga bakin titi
in ka baro Ƙofar Ƙaura kana neman inuwa.
Tebur guda, gwangwani cike da ƙananan kusoshi,
da ƙarfen dalma mai hayaƙi.
Nan Katsinawa ke kawo mini cikinsu
su ce gilashi ne ya fashe.

Akwai bashin da ba a gaya wa iyali ba,
akwai hoton ƙurjin da aka tura wa likita,
akwai muryar mamaci da ɗiyarsa ke kunnawa kafin barci.
Hanjin waya nake dubawa. Zuciyarta ba tawa ba ce.

Ran Talata Saude ta kawo tata,
ungozomar asibitin bayan unguwarmu.
Ita ce ta rubuta wa duniya layi huɗu kacal:
wata biyar ba wuta a ɗakin haihuwa,
da fitilar waya take karɓar 'ya'yan mutane,
ta cije ta da haƙori don hannu biyu su samu aiki.
Daga haƙorin ta suɓuce, ta daki siminti.

Ba ta sha kwana ba sai ga shi.
Shadda ruwan toka, murya kamar man shanu,
ya kira ni da sunan da inna kaɗai ke kirana.
Ya ce, aikin bai kai minti goma ba,
ɗan abu ne za ka saka, ba nauyi, ba ƙara,
mu ji da wa take magana, mu san inda ta kwana.
Don tsaro ne.
Wanda bai yi laifi ba, me zai ɓoye?
Ya dire ambulan, kusoshina suka yi tsalle.

Sai na tuna Iya Gambo ta Rafindadi, kakata.
Shekara talatin tana wa mata wankan ƙarshe.
Ta ga tabo, ta ga shatin bulala, ta ga cikin da ba a sanar ba,
ta tafi da su duka ƙarƙashin ƙasa.
Na taɓa tambayarta, ta ce:
Yaro, ba don sun yi laifi ake suturta su ba.
Don mutane ne.

Na ce, Alhaji, ai makewayinka ma da ƙyaure.
Wane laifi kake yi a ciki?
Bai yi dariya ba.
Ya ɗauki ambulan, ya ƙirga rumfunan layin da ido,
mu arba'in da ɗaya, kowa da kuɗin haya a wuya,
ya ce, Allah ya ba da kasuwa.

Kada wani ya kira ni jarumi.
Daren nan duk babur da ya rage gudu, sai in tashi zaune.
Na kashe wayata, na jefa ta tukunya, na kife murfi.
Mai ɗakina ta fara zancen tsadar gero,
na ce, sassauta murya.
A ɗakina. A kan gero.
Nan na gane ya riga ya saka abin nasa,
ba a wayar Saude ba,
a maƙogwarona.

Da hantsi ta dawo, ido jawur,
haihuwa biyu ta karɓa da fitilar aro.
Na gaya mata komai, har launin shaddar.
Na ce, canza lambar sirri, ban da shekarar haihuwarki,
kada ki ba kowa, ko ni.
Ta daɗe tana kallon sabon gilashin.
Ta ce, abin da na faɗa, a fili na faɗe shi,
gobe ma zan ƙara.
Sauran kuwa nawa ne.

Ta ƙirgo kuɗina, ta gyara mayafi.
Har ta juya, ta waiwayo:
Sada, fitilar fa, tana kamawa?

Na danna.
Rana tsaka ce, amma ta kama.